Sunan da ke Ƙasan Saƙo

Lamine ya ja kujera ya zauna gaban ordinatar ɗin Zeinabou, wato kwamfutarta, ko jakarsa bai sauke daga kafaɗa ba. Shi ne mai kula da na'urori da ƙungiyar gina rijiyoyi ta turo daga Maradi. Da safe ya gama da biron Tasawa, wato ofishinsu na can, yanzu ga shi a Mayahi yana duban agogo.

"Aikin minti goma ne, madam," in ji shi. "Babban biro na Yamai ya ce kowane saƙo ya fita da sunan mai shi a ƙasa, tsari ɗaya, kuma a kulle. An gaji da masu sa furanni da lambar wayar surukansu."

Zeinabou ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shekara uku ke nan tana hawa moto, wato babur, zuwa ƙauyukan Kanan-Bakashe, ta auna ruwan rijiyoyi, ta zauna da mata su faɗa mata wadda ta ƙafe da wadda ta rufta, ta dawo ta rubuta rahoto. Adireshin imel na biron ɗaya ne, don haka sunan da ke ƙasa kaɗai ke nuna wanda ya yi aikin. In ta gama sai ta kira shef ɗinsu, shugaban biron, Manzo, ya zo ya ɗora tabarau, ya zaɓi sunansa, ya aika. Ba mugunta ba ce. Haka ya tarar ana yi: ƙarami ya yi aiki, babba ya sa suna. Abokin mahaifinta ne, shi ya kai takardunta na neman aiki da hannunsa, Baba ma take ce masa.

Sai dai makon jiya takarda ta zo cewa za a rage ma'aikata ƙarshen wata, wanda ba a ga aikinsa ba ba za a sabunta masa kwantaragi ba. Su kuwa mutanen Yamai ko sau ɗaya ba su taɓa ganin sunanta a ƙasan rahoto ba. Tun ranar ba ta ci abinci ya yi mata daɗi ba.

Lamine ya shiga wani lungu na na'urar da ya kira rajista, inda take ajiye dokokinta. Layuka ne jere kamar kunyoyin gona.

"Sunaye biyu na gani nan," ya ce. "Wanne zan kafa?"

Daidai lokacin Manzo ya shigo yana goge tabarau da bakin rigarsa. "Nawa mana. Haka muke yi."

"Bon. Na'ura dai ba ruwanta, abin da na rubuta shi za ta riƙe. Amma in na kulle ba mai buɗewa sai ni, ni kuma sai bayan damina zan sake zagayowa." Ya juyo wajenta. "Madam, ke ke aiki kan wagga. Wanne?"

Kai, yaron Maradi bai san kara ba! A gaban dattijo yake tambayarta. Zeinabou ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka kan takalmanta da lakar bakin rijiya ta bushe a kansu. Kunya ta kama ta, tsoro ma ya kama ta, amma ta tuna ƙarshen wata.

"Baba, ka yi mini haƙuri," ta ce a hankali. "Nawa za a sa."

Manzo ya mayar da tabarau aljihu ya fita.

Lamine ya rubuta layi biyu, ɗaya na sabon saƙo, ɗaya na amsa, ya kashe na'urar ya kunna. Wurin da ake zaɓen suna ya koma ruwan toka, ka danna har yatsanka ya gaji ba zai motsa ba. Ya ce sai wata rana, ya nufi tasha.

Bayan azahar ta kammala rahoton rijiyoyi bakwai. Yanzu tana iya aikawa ba tare da kowa ba. Ta daɗe da hannu a kan linzamin na'urar, daga baya ta tashi ta tsaya bakin ƙofarsa kamar kullum.

"Baba, na ƙare."

Ta ɗauka ba zai zo ba, sai ga shi. Ya zauna, ya ɗora tabarau, hannunsa ya tafi inda ya saba. Ya danna sau ɗaya, sau biyu, abin bai kula shi ba. Da ya rasa abin dannawa sai ya koma sama ya fara karatu, abin da rabonsa da yi har ya manta. Ya karanta zancen rijiyar da bakinta ya tsage, da sunayen matan da suka yarda su kula da famfo, da zurfin kowace ɗaya. Zeinabou na tsaye a bayansa.

Da ya kai ƙasa sai fuskarsa ta ɗaure. "Mine ne wannan?"

Ta leƙa. An rubuta: Zeinabou Sama'ila, sakatariya. Haka take a takardun Yamai, haka Lamine ya kwafa.

Manzo ya ciro waya, ya lalubo lamba da yatsa ɗaya.

"Lamine? Kana ina? Motar ta tashi? To sauko." Ya saurara kaɗan. "Ban san da wannan ba, ka hau ta gaba. A garinku sakatariya ce ka auna rijiya mai zurfin gaba talatin? Dawo da makullinka ka gyara, ka sa mata shugabar aikin rijiyoyi, kahin ka sake kullewa."

Ya ajiye wayar, ya tashi daga kujerar, ya tura mata ita da ƙafa ba tare da ya dube ta ba.

"Zamna, ɗiyata. In ya zo ya gyara, ke za ki aika."