Kwana ta Huɗu, Bayan Gonar Masara

Kuna wurin, kada wanda ya ce bai gani ba. Kuna jingine da igiya, kofin shayi a hannu, kuna ihu, lokacin da Lorna Vandersteen ta kama hannun rigar shugaban gasar.

"Prewitt, Verl bai amsa kiran rediyon oba-oba ba. Sau uku ke nan."

Verl Kubicek maƙwabcinta ne, ƙofa na kallon ƙofa, shekararsa saba'in da huɗu. Duk kaka, in ƙananan kwalejoji takwas na yankin suka haɗu tseren ratsa gonaki, shi ke tsayawa a kwana ta huɗu ta hanyar tseren da jar tuta yana nuna wa masu gudu hanya. Da mutum biyu ake ajiyewa a can. Bana kwamiti ya ce ɗaya ya isa.

Prewitt bai ko juyo ba. "Tsohon nan ai kurma ne, ke ma kin sani."

"Kurman da ke jin buɗe firijina daga gidansa? Ba ni makullin ƙaramar motar nan."

"Mota ba ta hawa hanya ana tsere. Dokar ƙungiya ce. Tana shiga an soke sakamako, ga 'yan matanmu a gaba, rabonmu da cin kofin gasar shekara goma sha tara."

"Kofin ya ci kansa!"

"Saura minti goma sha biyu kacal a gama, baiwar Allah. Sakar min riga."

Ta sake shi. Ta kutsa cikin gonar da aka girbe, kututturen masara na yankar mata ƙafa, gwiwarta mai ciwo tana ƙara. A tsakiya ta ci karo da wata 'yar tsere da ta rage a baya.

"'Yata, kin ga mai tuta?"

"Yana zaune," in ji yarinyar tana haki. "Ya nuna mana hagu."

Zaune ta same shi kuwa, ya jingina da turken shinge, hularsa ta rufe ido ɗaya. Kafin ƙarfinsa ya ƙare ya soke sandar tutar cikin wayar shingen, bakinta na kallon hagu, don kada yaran mutane su ɓata. 'Yan mata tamanin da uku suka wuce ta gabansa, ba wadda ta kauce hanya.

"Verl. Kai, tsohon banza, tashi mana."

Hannunsa da sauran ɗumi.

Ta zauna kusa da shi a kan ciyawa mai laima, ta gyara masa hular. Daga nesa lasifika tana kiran sunan kwalejinmu, kuna tafi.

Jibi da ƙarfe goma za a yi wa Verl addu'ar jana'iza a cocin bakin gada, kuma Prewitt aka ba jawabi. In ya miƙe, ku miƙe ku fita.