Asibitin Igiya

Shekara biyar Auta ta yi tana karatun zanen gine-gine, saura kwana huɗu ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na ƙarshe, wani ɗan ƙaramin asibiti. Bara sun dawo mata da shi. Bana in suka sake, shi ke nan, sai dai ta tattara rula da fensir ta dawo gida. Tsoro ya hana ta ko cin abinci.

Babanta birkila ne. Shekara talatin yana jera bulo bisa zanen wasu, ba wanda ya taɓa cewa, "Ya ka gani?" Ya tsaya yana duban takardar zanen da Auta ta shimfiɗa a tabarma, hannuwansa a baya don kada siminti ya ɓata ta.

"Kyau kam akwai," in ji shi. "Amma kin taɓa shiga cikinsa?"

"Haba Baba, takarda ce fa!"

"Ɗauko min igiya da turaku."

Shi haka yake aiki, ba ya yarda da gini sai ya taka shi da ƙafa. A filin bayan gida suka kafa turaku, suka ja igiya daidai awon kowane bango. Sannan bawan Allahn nan ya je ya ciro ƙyauren kicin ɗungurungum, ya ce Inna ta hau ta kwanta, ita ce mara lafiya.

"Ni kuka raina ko?" in ji Inna, tana hawa tana mita.

Baba a gaba, Auta a baya, suka ɗaga ƙyauren suka bi tsakanin igiyoyin tiryan-tiryan. Da suka iso kwanar ɗakin haihuwa, ƙyaure ya ƙi juyawa. Suka ja baya, suka karkata, ina! Inna ta ƙanƙame gefe tana salati.

"Da naƙudar gaske ce, a lungun nan zan haihu!"

Auta ta yi dariya har da hawaye, sai kuma kukan ya zama na gaske. Shekara guda tana kallon kwanar nan ba ta gani ba. Baba ya tsuguna, ya cire turke ɗaya ya matsar da shi taku biyu.

Ranar karewa, babban malamin ya ɗora yatsa a kan kwanar. "Me ya sa kika faɗaɗa nan?"

"Mun gwada da mahaifiyata a kan ƙyaure, Malam. Ta maƙale."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Malamin ya sa hannu.

Da ta dawo gida ta miƙa wa Baba zanen. Can ƙasa, a gurbin da aka tanada don wanda ya duba aiki, ta rubuta: Babana, birkila. Ya daɗe yana kallon wurin, hannuwansa a baya.

"Karɓi mana, Baba."

"Tsaya tukun, 'yar nan."

Ya je bakin famfo ya wanke hannu da sabulu, sau biyu, ya goge a rigarsa, sannan ya dawo ya karɓa.