Masuncin da ke Bayan Takardar Biyar

Mijin Iya masunci ne, kuma bai taɓa zama gaban mai hoto da son ransa ba. Sau ɗaya dai, yana saurayi, wani baƙo ya ɗauke shi yana jan taru a bakin ruwa. Bayan 'yan shekaru sai ga shi a bayan takardar biyar ta kuɗin ƙasar. Abokansa suka laƙaba masa Mai Kuɗi, shi kuwa yakan ce, "Kowa na da ni a aljihu, ni kaɗai ne ba ni da ni."

A zamanin, biyar takan yi cefanen yini. Daga baya kuɗin ƙasar ya yi ta faɗuwa a gaban na waje, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, na gida suka bi sahu. Biyar ta koma kuɗin ashana, har aka daina buga sababbi. Da mijin ya rasu, abin da ya rage wa Iya na kamanninsa shi ne sabuwar biyar guda ɗaya, wadda ta ajiye a gwangwanin madara tare da ɗan abin da take tarawa.

Ana nan sai ƙasashen yankin suka shirya yin kuɗi ɗaya. Rediyo ya ce ciniki zai buɗe, ɗan kasuwa zai tsallaka iyaka ba sai ya nemi ɗan canji ba. Aka ba da wa'adin mayar da tsofaffin kuɗi banki. Ɗan Iya, wanda tela ne, ya fi kowa murna, don daga ƙetaren iyaka yake sayo yadi, kuma canji ya daɗe yana cinye masa riba.

Wata rana Iya ta dawo daga duba maƙwabciya, ta tarar da shi a ƙofar ɗakinta yana murmushi.

"Iya, na hutar da ke bin layi. Ga kuɗinki nan sababbi, har yankan hannu suke."

Ta karɓa ta juya su. Gadoji ne da taswira a jiki, babu mutum ko ɗaya.

"Duka ka kai?"

"Duka mana. Juye gwangwanin na yi a leda. Da kin bar su, ai sai dai a hura wuta da su."

Ta dube shi. Murmushin ya gushe masa a hankali.

"Har da ta Baba?" ya ce.

Washegari suka tafi banki tare. Layi ya kai titi, amma mutane suka ga tsufanta suka ba ta hanya. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta saurare su har ƙarshe, ba ta katse su ba.

"Mama, na jiya an huda su, mota ta kwashe tun da safe. Ko ni ban san inda suke ba yanzu."

"'Yata, ba kuɗin nake so ba. Mijina ne a jiki."

Ma'aikaciyar ta ja aljihun tebur, ta yi ta tona waɗanda aka kawo ranar. Da ƙyar ta sami biyar ɗaya, ta yi laushi kamar tsumma, an liƙe tsakiyarta da salatif. Ta biya madadinta daga jakarta, ta turo wa Iya ta ƙarƙashin gilashin.

Iya ta matsa kusa da taga. Ga tarun nan, ga ruwan, ga kafaɗa. Wurin fuskar kuwa yatsun mutane sun goge shi, sai baƙin dauɗa. Ta yi godiya, ta sa wa yarinyar albarka.

Telan bai buɗe shago ba ranar. Ya bi masu kayan miya, ya bi direbobi a tasha, ya bi mai shagon bakin layinsu. Duk biyar da aka zaro masa haka take, wata ma ta fi lalacewa.

Da la'asar ya dawo ya zauna a dokin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita. Ita ce ta fara magana.

"Kai, a hoton nan, dariya yake yi ko kuwa?"

"Dariya yake, Iya."

"A'a. Ina jin bakinsa a rufe yake, rana ce ta sa ya kanne ido."

"To, ƙila haka ne."

"Kada ka bi ni don ka faranta mini. Ka tuna da kyau."

Ya runtse ido ya daɗe, sannan ya ce bai sani ba. Iya ta sake kai takardar kusa da fuskarta, tana karkata ta wajen haske.