Naman Juma'a a Gidan Tayil

Wata biyu ke nan da aka ɗora Zuhair a kan gidan sassaƙa tayil na tsohon garin Fas, bayan rasuwar Mu'allim Bushta, amma har yau ma'aikatan nan bakwai ba su sake da shi ba. Su gaishe shi, su yi aikinsu, daga nan sai ƙarar guduma. Abin yana cin ransa, don ya ji ƙishin-ƙishin cewa uku daga cikinsu, har da Miludi wanda babu mai hannunsa wajen yanka tayil, za su koma wani gida bayan Sallah. In suka tafi, gidan ya mutu a hannunsa.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Ran Juma'a idan an kawo kuskus a babban kasko ɗaya, yakan zauna cikinsu ya ci daga gabansa, amma bai taɓa kai hannu ga naman da ke tsakiya ba, wai kada a ce sabon manaja makwaɗaici ne. Su ma ba sa taɓawa, haka naman ke komawa yadda ya zo. Ya karanta littattafai tuli, bai karanta mutum bakwai ba.

Wata Juma'a bayan an tashi, Ba Lahsan, dattijon cikinsu, ya tare shi a bakin ƙofa. Ya ce shekara talatin marigayi ne ke yagar naman da hannunsa yana tura wa kowa rabonsa, kuma ba a ci sai babba ya raba.

"Si Zuhair, kai a ganinka kawaici kake yi. Su kuwa gani suke ba ka ɗauke su naka ba."

Kunya ta lulluɓe Zuhair. Ya tambayi wa ake fara ba, me kowa yake so. Dattijon ya ce ba daga bakinsa za a ji ba, ai akwai kwana shida kafin wata Juma'ar.

Makon nan Zuhair ya bar ofis, ya riƙa zama a tabarma kusa da kowa yana tsince gutsattsarin tayil. Hira ba ta zo da sauƙi ba, amma ta zo. Ya gane Hammadi ba shi da turamen haƙora, likita ya hana Abdussalam kitse, Miludi kuwa ba ya cin nasa, a cikin burodi yake naɗewa ya kai wa mahaifiyarsa da ke kwance. Marigayi yanka biyu yake ba shi, ba ya kuma kallonsa in zai ba shi.

Da Juma'a ta zagayo, Zuhair ya yi bisimilla ya sa hannu. Naman ya ƙona masa yatsu, bai janye ba. Ya tura mai laushi gaban Hammadi, tsoka gaban Abdussalam, sannan ya tura biyu gaban Miludi yana kallon wani wajen.

Miludi ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ɗauki burodi ya naɗe.

"Mu'allim," ya ce wa Zuhair a hankali, da laƙabin da marigayi kaɗai suke kira da shi, "koren tayil ba zai kai mu bayan Sallah ba. Gara mu aika a ƙaro tun yanzu."