Motar da Ta Fi Ƙofarta Tsawo

"Tsaya! Tsaya, Auta, za ki cire mata kai!"

Gajere ne ya yi wannan ihun daga kan tabarma, da ɗan sauran muryar da ciwo ya bar masa. Auta, 'yarsa, ta taka birki. Rufin motar ya riga ya gogi ƙarfen saman ƙofar gida.

Na leƙo ta katanga da almakashi a hannu. Ni ce maƙwabciyarsu, kuma shekara ashirin ni ke ɗinka rigunan kujerun motocinsa. Sana'ar Gajere ita ce shigo da manyan akori-kura na Amurka ta jirgin ruwa. Sai ya ɗaga su, ya sa musu tayoyi kamar na tarakta, ya jera fitilu a ka, ya sayar wa masu son a gan su. Mutumin da sai ya taka bulo yake leƙa inji! In na tsokane shi sai ya ce, "Ke dai yi ɗinkinki, Tela."

Guda ɗaya ya ƙi sayarwa, wata shuɗiya. Shekara uku yana ƙara mata tsawo a tsakar gida, yau sifirin na ƙarƙashi, gobe taya, bai taɓa ɗaga kai ya dubi ƙofar da za ta fita ba. Sai da likita ya ce a mai da shi gida ya huta, sannan ya ce shi fa sai ya zaga unguwa a cikinta ko sau ɗaya.

Auta ta auna da hannu. "Baba, yatsa huɗu ne kacal. A sace iskar tayoyin, ta wuce."

"A durƙusar da ita? A gaban jama'a? Allah ya kiyaye! A cire ƙarfen."

"Ɗakina ne a kan ƙarfen nan, Malam," in ji matarsa. "Ka ce dai a rushe ni."

Haka aka koma ɗaukarsa kullum da la'asar ana ɗora shi a kujerar gaba, inji a kashe. Daga can yana hango tsakar gidana, ina taka keken ɗinki, yana zuba. Wai ranar da motar ta iso ya tarar da jar ƙasa a ƙarƙashin kujera, da safar hannun jariri ƙwaya ɗaya. Wai in ya lumshe ido yana ganin hanyar da ta taso, miƙaƙƙiya, babu rami, babu kowa, sai gajimare na bin gilashi.

A rana ta biyar muryarsa ta koma kamar zare. Raina ya ɓaci, don tsoro nake ji, na zagaya gidansu.

"Haba Gajere! Girman kan mota zai ci maka kwanakin da suka rage? Ka taɓa ganin an hau raƙumi yana tsaye?"

Ya daɗe yana kallona. "Bakinki dai, Tela. Ba ni allurarki. In za ta durƙusa, ni za ta durƙusa wa."

Aka sauko da shi, aka zaunar gefen taya. Ya danna bakin iskar tayar da gindin allurar. Motar ta yi dogon numfashi. Taya huɗu ya bi, Auta na tallafe da shi, sannan ta ja ta a hankali ta fice, silin gashi ɗaya tsakaninta da ƙarfe. Mai facin bakin titi ya ba ta iska yana dariya, ta sake miƙewa.

Aka mai da shi kujerar gaba, ni ina baya tare da matarsa. Auta ta tafi da mu sannu, kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Muka ga kan rumfuna, da ƙwallayen da suka shekara a kan rufi, da wata kyanwa tana barci a saman katanga. Rassan itace na shafar gilashi, rana ta yi laushi, injin na gurnani can ƙasa kamar ba namu ba.

"Ashe haka dogaye ke ganin duniya," in ji shi. "Ba su taɓa faɗa mini ba."

"Mu koma, Baba?"

"Ƙara zagaye ɗaya."

Ya jingina kai da gilashi. A zagaye na biyu matarsa ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa, ba ta janye ba. Na ji tana salati ƙasa-ƙasa, na gane rai ya yi halinsa. Wallahi sai na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Auta ma ta gane, amma ta ƙarasa zagayen.

A ƙofar gida maza suka taru za su sauko da shi, amma kujerar ta yi musu nisa. Auta ta zare allurata daga aljihun rigarsa, ta tsuguna. Ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye muna jin iskar na fita, shuɗiyar na sauka a hankali.