Ajiyar Aondofa

Da aka raba gadon Alhaji Sha'aibu mai hatsi, kayan da ke ɗakin ajiya na gidansa a Akurba suka faɗo a rabon Zuwairatu, 'yarsa ta uku, wadda ke ɗinki a bakin kasuwar Lafiya. Cikinsu har da manyan sifiku biyu na katako, kowacce ta kai mata ƙugu, da wani akwatin ƙarfe mai nauyi wanda aka jera wa ƙananan kwalabe a kai. Tun tana ƙarama take ganinsu lulluɓe da tsohon bargo, ba ta taɓa jin sun yi ƙara ba. Yayanta Abdulhakeem ya ce ta kira 'yan gwangwan su auna su kwashe. Ita kuwa katakon ne ya ba ta sha'awa, don ko da ƙura ana ganin aikin ƙwarai ne.

Wata maƙwabciyar shagonta ce ta kwatanta mata wurin Baba Terngu, dattijon Tibi da ya shekara arba'in yana gyaran rediyo. Ta ɗauki keke napep ta kai masa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ta jona su da wuta. Ta ce ta yi niyya, filogin ne bai shiga soket ba.

"Allah ya taimake ka, Hajiya," in ji shi, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Da ka jona, da hayaƙi ka kawo mini."

Ya yi mata bayani cewa akwatin amfilifaya ne na zamanin da, kwalaben kuma su ake kira bawul, su ke ƙara ƙarfin sauti idan sun ɗauki zafi. Kayan da suka daɗe haka a ajiye, a hankali ake ba su wuta. Tambarin kamfanin ya ɓalle, amma ya goge jikin taransifoma ya karanta lambobi, ya ce ƙirar Ingila ce, ta kusa shekara sittin. Bawul ɗaya ya fashe, wasu ƙananan kaya sun bushe, ɓera kuma ya ci gefen takardar sifika ɗaya.

Bayan kwana huɗu ya kira ta a waya, ya ce ta zo da kanta. Ta same shi ya buɗe bayan sifikar da ɓera ya shiga. A jikin katakon daga ciki an manna wata takarda da ta yi ja. Zuwairatu ta gane rubutun mahaifinta tun kafin ta karanta: "Wannan kaya ajiyar Aondofa Tyav ne, malamin makaranta. Ba nawa ba ne." A ƙasa akwai shekarar 2001.

Ta zauna a kan benci. Baba Terngu ya ce a shekarar ce aka yi rikicin da ya sa Tibi da yawa suka bar gidajensu suka tsallaka Binuwai, shi ma ya yi wata takwas a Makurdi. Mutane sun bar kaya a hannun maƙwabta, wasu sun dawo sun karɓa, wasu ba su dawo ba.

Da ta gaya wa Abdulhakeem, sai da ya karanta takardar sau biyu a hoton waya. Ya tuna akwai wani dogon mutum mai tabarau da kan zauna a shagon mahaifinsu yana shan kunu, amma sunan ya ɓace masa. Ya ce tunda haka ne kayan ba gado ba ne, a nemi mai su.

Baba Terngu ne ya yi cigiyar a cocinsu. Mako biyu aka yi kafin wata mai sayar da doya ta ce ta san Mimidoo Tyav, 'yar Aondofa, a Adogi, tana noma, mahaifinta kuma yana wurinta, da ransa.

Zuwairatu ta ce a ƙarasa gyaran tukuna, ba za ta mayar da amana a lalace ba. Bawul ɗin daga Legas aka aiko shi cikin gwangwanin madara, an naɗe shi da auduga. Takardar sifikar kuwa Baba Terngu ya liƙe ta da wata siririyar takarda da gam, ɗan kaɗan kullum. Ita ta ɗinka sabon yadin gaba, ruwan ƙasa, don na da ya yage. Ranar da Baba Terngu ya ba akwatin wuta ta janareta, kwalaben suka yi ja a hankali kamar garwashi. Ya haɗa wayarsa, muryar mai karanta labarai ta fito, har Zuwairatu ta waiga ta ga ko wani ne ya shigo.

Ranar Asabar da safe ita da Abdulhakeem da Baba Terngu suka ɗauki mota zuwa Adogi. Mimidoo ta tarbe su da fartanya a kafaɗa, ta kai su gindin mangwaro inda tsohon yake zaune. Da aka sauke sifikun bai tambayi kowa ba, ya miƙe da sanda ya shafa katakon. Sannan ya dubi Zuwairatu.

"Ke 'yar Sha'aibu ce."

"Ni ce, Baba."

"Yana ina?"

Ta gaya masa watansa biyar da rasuwa. Tsohon ya koma ya zauna. Ya ce wani Bature da suka koyar tare ne ya bar masa kayan lokacin da zai koma ƙasarsu. Ranar da za su gudu, Sha'aibu ne ya zo da kurar ɗaukar kaya ya kwashe kayan da kansa. Shi kuma ya shekara goma sha ɗaya a Gboko, da ya dawo sai ya ji nauyin ya je ya tambayi abin da ya daɗe haka, kada ya zama an sayar, ya sa abokinsa jin kunya. Saboda haka ko ya shigo Lafiya sai ya kauce wa layin 'yan hatsi.

Zuwairatu ta miƙa masa takardar da mahaifinta ya rubuta. Mimidoo ta karanta masa, don idonsa ya yi rauni. Ya ninke ta ya sa a aljihun riga.

Ba wuta a gidan, don haka Baba Terngu ya ari janaretan wani mai cajin waya. Aondofa ya ce a sa masa waƙar coci ta Tibi. Ya saurara har ta ƙare, ya ce sifikar hagu ta fi ta dama kauri, kuma tun da can haka take. Baba Terngu ya yi dariya, ya ce shi ma ya ji, ya ɗauka laifin gyaransa ne.

Aka yi shawara kayan su zauna a cocin ƙauyen, inda akwai sola. Mimidoo ta cika musu bayan mota da doya, Zuwairatu ta yi ta cewa ya isa, ba a saurare ta ba. Kafin su tashi tsohon ya roƙi Abdulhakeem ya zo ya ɗauke shi wata rana, a nuna masa inda aka binne Sha'aibu. Ranar Laraba ta gaba Abdulhakeem ya je ya ɗauko shi.