Gahawar da Aka Hana Injiniya

Injiniya mai gyaran firji ne, kuma tun yana saurayi ba ya fita aiki sai ya sha gahawa. Da ya yi aure ya koya wa matarsa, har ta fi shi iya dafawa. Kullum da safe kafin yara su tashi, su biyu za su zauna a bencin kicin, kowa da kofinsa, tana ba shi labarin maƙwabta yana gyaɗa kai. Sauran kuma ya ɗura a flas ya tafi da ita shago, yana kurɓa har yamma.

Sai zuciyarsa ta fara ba shi tsoro. Yana tsugune bayan firji sai ƙirjinsa ya kama dukan uku-uku, barci ma ya ƙaurace masa. Likita ta auna ta ga jininsa ya hau, ta tambayi abin da yake sha.

"Kafeyin ɗin da ke cikin gahawa ne ke zaburar da zuciyarka," in ji ta. "Ka rage a hankali har ka bari. Shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari ma haka."

Injiniya bai iya yin abu a hankali ba. Rana ɗaya ya yanke. Kansa ya yi ta sarawa, ya zama ko cokali ne ya faɗi sai ya yi faɗa.

Ana cikin haka ƙaninsa Auta ya samu aiki a garin, ya sauka a ɗakin baƙi. Auta akwai barkwanci, kuma shi ma mashayin gahawa ne. Ba a jima ba Injiniya ya fara farkawa yana jin dariya daga kicin, ƙofa a rufe. Da ya tura, sai ya tarar da Auta a gefen bencin da shi Injiniya yake zama, riƙe da shuɗin kofin yayan nasa.

"Yaya, wallahi ka more. Hannun Anti daban ne."

Matar ta miƙo masa madara mai ɗumi. Ya karɓa ya sha a tsaye, kamar baƙo.

Daga ranar komai na Auta ya tsone masa ido: takalminsa a bakin ƙofa, turarensa, yadda yake cewa Anti yana jan kalmar. Ba ya zargin kowa da komai, ya san matarsa, ya san ƙaninsa. Amma in ya ji ta tuntsire da dariya sai ya haɗa rai.

Wata safiya ya banka ƙofar. "Zuba min."

"Haba Baban yara, likita fa ta..."

Ya fizgi butar ya cika kofi, ya shanye yana kallon Auta ido cikin ido, ya ƙara wani. Ya fice ko sallama babu.

Bai gama kwance firjin farko ba gumi ya karyo masa. Zuciyarsa ta riƙa bugu tana tsallake, ya zauna a ƙasa yana salati. Mai shagon kusa ya kira gida, kuma Auta ne ya zo a guje ya cicciɓe shi zuwa asibiti. Likita ta yi masa tas, ta riƙe shi har bugun ya daidaita.

A gida matar ta zauna a bakin gado. "Me ya kai ka?"

Ya juya yana kallon bango. "Dariyar me kuke yi kullum?"

"Hirar maƙwabta ce fa."

"Da ni ake yin ta ai. Kuma har da rufe ƙofa."

Ta ce, "Don kar ƙamshin ya iso maka nake rufewa, mai kishin banza."

Washegari ta kyautar da sauran gahawar. Ita ma kanta ya sara na kwanaki, ta yi ta sauke masa haushi, shi kuwa yana jin daɗin abinsa a ɓoye. Auta ya kama ɗaki kusa da wurin aikinsa. Yakan zo gaisuwa ƙarshen mako, kuma har yanzu in ya ba ta dariya, Injiniya sai ya ɗauki rimot ya ƙara muryar talabijin.